Launin Dodo

A Katako nake, rumfa ta uku bayan masu sayar da ƙusa,
ina zuba wa mutane fim a katin waya.
Dala ashirin, in cika maka dare.
Dodanni kam ina da su buhu-buhu:
mai ido ɗaya, mai ƙaho, mai aman wuta,
da wani shuɗi mai tumbi, mai wushirya,
wanda in ya gama ruri sai ya kama rawa.
Shi Barira ke so.
Har ta ce in sayo mata na roba, ta goya shi.

Goyon dodo! Allah Ya nuna mini zamani.

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Bukoki,
waya ta mutu a tafin hannunta,
zafi ya koro mu tsakar gida.
Ta ce, "Baba, to yi mini fim da baki."

Ban tashi daga tabarma ba, sai ga ni a Tawa,
ga kakata Tabawa tana ɓarar gujiya cikin duhu,
ga tsohuwar rijiyar bayan gida, gaba ashirin.
Na ce ga ta nan, ga ta nanku.
Barira ba ta san amsa ba. Na amsa wa kaina.

A ƙasan rijiyar nan yake zaune,
gashinsa ya fi igiyar guga tsawo,
da shi yake fizgar ƙafar yaro.
In ka leƙa ka ga fuska a ruwa,
ba taka ba ce, aro ya yi.
Yana jin warin mutum tun daga Garkawa,
ba ya shakkar kowa sai kare.

"Wane launi ne?"

Na buɗe baki, na rufe.
Tabawa ba ta taɓa faɗi ba.
Mu takwas ne a tabarmarta, dodo takwas muka kwana da su:
nawa da haƙoran mahaucin unguwa,
na Hasu da tarin jakin maƙwabta,
na Alhu ba shi da fuska sam, numfashi ne kawai.
Duhu ne ya ba mu gawayi, kowa ya zana nasa.

"To yana da uwa?
Wa ke tsefe masa gashi?"

Uwa.
Sai da na yi gemu aka gaya mini,
ranar sadakar ukun tsohuwar, a bakin wata gwaggo:
akwai Nomau, ƙanen babana,
shekararsa huɗu, yana bin ɗan akuya.
Sai takalminsa ɗaya aka gani a bakin rijiya.
Tabawa ba ta ƙara kiran sunansa ba.
Ta ɗauki abin da ya tsaya mata a wuya,
ta yi masa gashi, ta yi masa farce,
ta zaunar da shi gadi, ba albashi, ba hutu.
Shekara talatin rijiyar ba ta sake cin kowa ba.

Ban gaya wa Barira wannan ba.
Na ce, yana da uwa,
kullum dare ita ke tsefe shi.

Ta ce, "Ashe ba mugu ba ne,"
ta yi hamma, ta juya, barci ya ɗauke ta
ban kai ƙurunƙus ba.

Ƙarfe biyu wuta ta dawo,
waya ta farka, shuɗin nan ya ci gaba da rawarsa.
Na kife shi.
Na tashi ba takalmi, na nufi tanon ruwan da ke lungu,
wanda ya kai Barira wuya.
Na leƙa. Wani ya leƙo ni.
Na jawo faranti na rufe,
na ɗora dutsen niƙa a kai.